Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Aikin Tayar da Ƙasa Bayan Jihadi

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa abin da aka rubuta game da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai lura cewa marubuta sun fi ba da ƙarfi ga shekarun nan huɗu da 'yan watanni da ke tsakanin hijira zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Dalili kuwa a fili yake, domin labarin yaƙi yana da daɗin bayarwa, yana kuma da daɗin saurare. To, amma ranar da aka ci birni na ƙarshe, ran nan ne wani aiki ya soma wanda ya fi na farko tsawo da ɗaci. Gonaki sun zama saura, garuruwa sun zama kufai, ga marayu da zawarawa, ga kamammu da ba su manta gidajensu ba, ga kuma mayaƙa waɗanda hannunsu ya saba da ganima ya manta da fartanya. Mutumin da wannan kaya ya faɗo wa a ka shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu, ya kuwa ɗauke shi shekara ashirin cur. A wannan maƙala za mu bi rayuwarsa ta wannan fuska, mu ga dabarun da ya yi, da inda suka ci, da kuma waɗanda nauyin aikin ya danne.

Tasowarsa da abin da yaƙi ya koya masa

An haifi Muhammadu Bello a 1781, watau shekara ta 1195 ta Hijira. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa, wadda aka fi sani da Inna Garka, ita ce kuma ta haifi Abubakar Atiku wanda ya gaje shi. Ya tashi a Ɗegel cikin gidan da karatu ya zama abincin yau da kullum, ya ɗauki ilmi a wurin mahaifinsa, da baffansa Malam Abdullahi, da wansa Muhammadu Sa'adu. Nahawu da tafsiri da hadisi da fiƙihu duk ya sha su tun yana saurayi. Sa'ad da rikici ya ɓarke tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, bayan harin da aka kai wa garin Gimbana na Malam Abdussalami, Bello bai wuce shekara ashirin da uku ba.

Ba za mu tsaya jera yaƙe-yaƙe ba, domin an jera su a wurare da yawa. Abin da ya shafe mu shi ne darussan da saurayin nan ya kwasa daga cikinsu. An yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, amma kafin shekarar ta fita sai aka gamu da masifar Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda Jama'a ta rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan hasara. Waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa su ne almajiran da suka zauna gaban Shehu shekara da shekaru, suka san abin da ake yaƙi dominsa. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa da yawansu ganima ce ta kira su. Ga kuma yunwa, domin runduna ba ta da rumbu. Da aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sai neman abinci ya sa mayaƙa suka riƙa faɗa wa ƙauyukan Zamfarawa, mutanen da da farko suka karɓe su hannu biyu saboda tsohuwar gabarsu da Gobir. Ba a daɗe ba aminai suka zama abokan gaba.

Abin da ya faru a Kwalde a 1805, gab da yaƙin Alwasa, ya fi kome tsaya wa shugabannin a rai. Runduna ta far wa garin da ke da amana da Jama'a ta washe shi, da Bello da Abdullahi suka yi ƙoƙarin hanawa sai mayaƙansu suka nemi juyowa kansu. Irin wannan ɓacin hali ne ya sa Malam Abdullahi ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Bello bai tafi ba. A ganina, a nan ne bambancin halin mutanen biyu ya fito. Abdullahi ya ga ɓarna ya ƙyamace ta, Bello kuwa ya ga ɓarnar ya shiga lissafin yadda za a zauna da masu yin ta har a gyara su.

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. A shekara mai bi Bello ya soma ginin Sakkwato a kan tudu, kusa da inda Gulbin Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya kewaye ta da ganuwa. Shehu ya koma Sifawa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu, a 1812 kuma ya raba lura da ƙasa gida biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. A wannan shekarar ce Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau shi ne babbar madogarar masu nazarin jihadin. A ciki ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi na Barno, wanda ya ƙalubalanci halaccin yaƙar mutanen da suke salla suna azumi. Abin yabo ne ga marubuci ya adana hujjar abokin jayayyarsa cikin littafinsa, ko da ya yi haka ne don ya rushe ta.

Shekarun tawaye

Shehu ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a cikinta a watan Afrilu na 1817. Nan take mutanen Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, yana da shekara talatin da shida. Malam Abdullahi, wanda yake ganin shi ne babba kuma shi ne wazirin Shehu, ya taso ya tarar an rufe ƙofar gari, sai ya juya ya nufi Gwandu da ɓacin rai. Labarin rasuwar Shehu kuwa bai gama bazuwa ba sai ƙasa ta ɗauki wuta. Zamfarawa da yawa suka warware alkawari, Gobirawa suka ɗaga kai, Kabawa ma haka.

Tawayen da ya fi kowane ciwo shi ne na Malam Abdussalami. Wannan malami Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu waɗanda ba Fulani ba, kuma saboda garinsa Gimbana ne wutar jihadi ta fara kamawa. Bayan nasara an zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, inda ido zai riƙa kaiwa gare shi. Kukansa shi ne an raba ƙasa tsakanin dangi da manyan Fulani an bar shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma zalunci ya yi yawa a hannun sababbin masu iko. Ya buɗe ƙofar garinsa ga talakawan da suke gudun wannan zalunci, ya kuma riƙa ciniki da waɗanda Sakkwato ta ɗauka abokan gaba. Bello ya yi ta aika masa da wasiƙu wata da watanni. Da lallashi ya ƙi ci sai aka kai wa Kware yaƙi, ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni ya rasu a Bakura. Bello ya rubuta littafi musamman, Sardul Kalami, don ya kare matakin da ya ɗauka, a nan ma ya kawo wasiƙun mutumin. Wanda ya karanta labarin da zuciya ɗaya zai ga cewa kukan Abdussalami ba na banza ba ne, domin shi Malam Abdullahi ma ya yi irinsa cikin Tazyinul Waraƙati. Rubuta littafin kansa shaida ce cewa al'amarin ya dami mutanen Sakkwato, har ana bukatar a yi musu bayani.

Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Wajen 1820 sai Bello ya ɗauki runduna ya je ya taimaki baffansa, aka ci garin. A nan ne aka yi abin da tarihi bai manta ba. Da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sauka ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga nan wazirci ya tabbata ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u, Gwandu kuma ta ci gaba da riƙon ƙasashen yamma. Da wannan sulhu bai yiwu ba, da wuya daular ta kai shekara goma.

Ribaɗi

Yanzu mun zo ga zuciyar aikin. Matsalar da ke gaban Bello ita ce, daular ba ta da sojan dindindin. Da rani ake kiran mutane su fito yaƙi, da damina ta faɗi kowa ya koma gona ko ya bi shanunsa. Abokan gaba kuwa ba su ƙare ba, ƙaura kawai suka yi. Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi, sarakunan Zazzau na Haɓe sun gangara kudu inda suka kafa Abuja, wadda ake kira Suleja a yau, Gobirawa suna nan arewa maso gabas, Kabawa suna yamma, Azbinawa kuma yau amana gobe hari. Manomin da ba shi da tabbacin zai girbe abin da ya shuka ba zai yi shuka ba, in kuwa ba a yi shuka ba yunwar 1805 za ta dawo.

Maganin da Bello ya samo shi ne ribaɗi, ya kuwa samo shi ne daga karatunsa na tarihin Musulunci, inda ake kafa sansani a bakin iyaka, zama cikinsa kuma ibada ne. Ya rubuta littafi a kan hukuncinsa da falalarsa mai suna Ar-Ribaɗu wal-Hirasa. Amma ribaɗin Bello ya wuce sansanin mayaƙa. Gari ne sosai mai ganuwa, da masallaci, da limami, da alƙali, da malamin da zai karantar da yara, da kasuwa, da maƙera da masaƙa da marina, gonaki kuma suna kewaye da shi inda mai noma zai iya rugowa cikin ganuwa in an yi kururuwa. Mutumin da yake tsaron garin shi ne mai noma gonar, saboda haka ba sai an biya shi ba, ba kuma sai an roƙe shi ya tsaya ba, tun da iyalinsa da rumbunsa suna ciki.

Ya jera irin waɗannan garuruwa a kwarin Rima da sauran iyakoki, ya kuma ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Ɗansa Aliyu Babba ya zauna Shinaka, ɗansa Fodiyo ya riƙe Lajinge ta fuskar Gobir, Atiku ya zauna Bakura ta fuskar Zamfara, Muhammadu Buhari yana Tambuwal, Ahmadu Rufa'i ya riƙe Silame ta fuskar Kabi, Kware kuma da aka sake rayawa ta koma hannun Isa Autan Shehu. Akwai hikima biyu a nan. Iyaka ta sami masu tsaro waɗanda ba za su sayar da ita ba, birni kuma ya huta da taron 'ya'yan sarauta marasa aikin yi, waɗanda a kowace daula su ne itacen wutar fitina. Shi kansa bai zauna cikin inuwar Sakkwato ya tura waɗansu rana ba. Ya yi zama a Karindaye, ya yi a Magariya, daga bisani ya gina Wurno a arewa maso gabas da Sakkwato, ya mai da ita mazauninsa, yana fuskantar Gobir kai tsaye.

Sai batun makiyaya, wanda ya fi gina ganuwa wuya. Fulanin daji sun ba da ƙarfi ƙwarai a jihadi, manyan jagororinsu kuma, irin su Aliyu Jeɗo na Binji da Moyijo na Yabo da Namoda na Zurmi, sun zama ƙusoshin daula. Amma mai shanu ba ya zama wuri guda, wanda ba ya zama wuri guda kuwa alƙali ba ya samunsa, malami ba ya samun 'ya'yansa, mai shelar yaƙi ma sai ya yi ta nemansa. Bello ya riƙa jawo su su zauna kusa da ganuwa, ya ba su ƙasa, ya tura musu malamai da limamai, ya kuma kwaɗaitar da su ga kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, domin waɗannan ba su tilasta wa mai su doguwar tafiya kamar garken shanu, dawaki da raƙuma kuma kayan yaƙi ne. Ya bayyana ra'ayinsa kan fifikon zaman gari bisa zaman daji cikin amsar da ya rubuta wa Muhammadu Jailani, malamin Azbinawan Adar, wanda shi ma yake fama da mutanensa makiyaya. Ba duka suka karɓa ba, har yau ga Fulani nan suna tafiya da shanunsu. Amma waɗanda suka zauna, irin su Sulluɓawa da yawa na kewayen Sakkwato da Wurno, su ne kakannin manoman da suka cika wannan yanki.

Wannan tunani bai tsaya a ƙasar Sakkwato ba. Cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Bello ya lissafa wa mai mulki abin da ke wuyansa na duniyar talakawa, ban da na lahirarsu. Ya nuna masa cewa aikinsa ne ya tattali masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su yadda kowane gari zai sami rabonsa, ya sa a tanadi abinci, a gina ganuwa da gadoji, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Ya rubuta wa Yakubun Bauchi makamanciyar wannan wasiyya. Wani littafin nasa, Tanbihus Sahibi, kira ne ga neman na kai da hannu da zargin zaman banza da roƙo. In muka tuna cewa masu sauraronsa mutane ne da suka shekara goma suna ci daga bakin mashi, za mu gane inda aka dosa. Waɗanda suka rubuta halayensa, cikinsu har da Waziri Giɗaɗo, sun yaba masa da tsantseni game da dukiyar baitulmali, an kuma ruwaito cewa daga abin da ya nema da kansa yake ci. Hatta rubuce-rubucensa na likitanci, kan ciwon ido da basir da amfanin filasko, suna cikin wannan sahu, domin ƙasar da ta fito daga yaƙi cike take da majinyata.

Sai dai zaman lafiya yana da farashi ta fuskar aƙida. Shehu ya soki sarautun Haɓe da al'adun fadarsu cikin Kitabul Farƙi, amma da aka zo riƙon ƙasa sai aka ga talakawa ba su san wata hanyar mulki ba sai wadda suka gada. A Kano, Ibrahim Dabo, wanda Bello ya naɗa a 1819, ya tarar da tawaye ko'ina, ya kwantar da shi da yaƙi da kafa ribaɗi irin su Fanisau, ya kuma farfaɗo da sarautun gargajiya da kayan sarautar Kano. Galadima da Madaki da Ciroma suka dawo, sai dai masu riƙe da su ne suka sake.

Waɗanda suka ɗauki nauyin

Ba daidai ba ne a yi maganar waɗannan garuruwa a tsallake tambayar su wa suka haƙa ƙasar ganuwar, su wa kuma suka nome gandayen. Da yawansu kamammun yaƙi ne, Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa, da waɗanda sarakunan gabas da kudu suke aikowa cikin gaisuwar shekara. An zuba su a rinji da ƙauyukan bayi, matansu kuma sun shiga gidaje a matsayin kuyangi da ƙwaraƙwarai. Baturen Ingila Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824, ya lura da yawan bayi a birnin. Gaskiya ne shari'a ta ba bawa hanyar murgu da fansar kai, 'ya'yan da aka haifa a gida kuma, watau dimajai, ba a cika sayar da su ba, ɗan ƙwarƙwara kuwa ɗa ne kamar kowane ɗa har ya iya gadon sarauta. Gaskiya ne kuma Bello ya ƙi jinin a sayar da Musulmi ga Turawan bakin teku, har ya rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu yana nuna yarda a hana fitar da bayi ta teku. Duk da haka, kwanciyar hankalin da manomin kwarin Rima ya samu an gina wani sashe nata a kan rasa 'yancin wani. Wanda aka raba da garinsa aka kai shi noma gandun wanda ya ci garin, ba zai kira abin da ya same shi gyaran ƙasa ba.

A nan ne kuma al'amarin ya shafe mu mu ɗaliban Hausa. Shugabannin jihadi da Larabci suke rubutun ilmi, da Fulatanci suke waƙa da hira a gida. Amma gidajensu da garuruwansu sun cika da masu jin Hausa kaɗai, waɗanda da yawansu sun zo da bori da sauran al'adun Gobir. Yaron da aka haifa a Wurno, uba Bafillace uwa Bagobira, da Hausa zai buɗe baki. Saboda haka tilas ta sa aka juya ga Hausa don karantarwa. Nana Asma'u ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa a 1831, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda take gargaɗin masu mulki da talakawa baki ɗaya. Da Bello ya rubuta Kitabun Nasiha kan salihan mata, ita ce ta mai da shi waƙa da Fulatanci da kuma Hausa. Daga wannan tushe ne tsarin 'Yan Taru ya tsiro, inda jajoji suke zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koya wa mata. Ashe ribaɗin da aka gina don tsare daular Fulani shi ne ya zama tukunyar da ta narkar da su cikin harshen waɗanda suka ci da yaƙi.

Gawakuke da rasuwarsa

Kada mai karatu ya ɗauka an ajiye takobi cikin waɗannan shekaru. Kusan kowace shekara sai Bello ya fita. Da Clapperton ya komo a 1826 ya tarar da shi yana yaƙin Konya, mazaunin Gobirawa na lokacin, ya kuma tarar ana gaba da Barno, domin El-Kanemi ya taso da runduna ya doshi Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a 1827. Wannan ne ya sa Bello ya hana Baturen wucewa Barno da saƙo da kayan da ya ɗauko, abin da ya ɓata tsakaninsu, har Clapperton ya yi ciwo ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Shi wannan Bature, duk da fushinsa, ya rubuta yadda ya tarar da Sarkin Musulmi yana duba littafin lissafin Uƙlidis na Larabci, da yadda yake masa tambayoyi kan rarrabuwar ɗariƙun Kirista.

A Kabi, Sarki Karari ya yi tsayin daka har aka kashe shi a 1831. An kama ɗansa Yakubu Nabame, amma maimakon a kashe shi sai aka kai shi Sakkwato aka riƙe shi a fada. Da Gobir ma an gwada sulhu, Sarkin Gobir Ali ya karɓi amana ya zauna lafiya na ɗan lokaci, har matsin 'yan'uwansa da na Maraɗi ya sa ya warware. A 1836 sai Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda da Ibra shugaban wani sashe na Azbinawa suka haɗa kai. Bello ya tara rundunar daula, cikin tawagarsa har da Alhaji Umaru Futi, wanda yake zaune a Sakkwato a lokacin ya kuma auri 'yarsa. Aka haɗu a Gawakuke. An kashe Ali da Rauda, Ibra ya tsere, an kuma zubar da jinin Gobirawa mai yawa. Nasara ce babba, amma ba ta rufe littafin ba, domin waɗanda suka tsira sun bi Mayaƙi sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar ta yau, suka ci gaba da kai hari shekaru masu yawa.

Bello bai daɗe ba bayan wannan yaƙi. Ya yi jinya ta 'yan watanni a Wurno, ya rasu a watan Oktoba na 1837, yana da shekara hamsin da shida a lissafin Turawa. An ruwaito cewa da ya ji ajali ya matso ya gargaɗi 'ya'yansa kada ɗayansu ya nemi sarauta da ƙarfi, su bar wa masu zaɓe, su kuma bi duk wanda aka zaɓa. Mutumin da ya ga an rufe wa baffansa ƙofa a 1817 ya san abin da yake gudu. Waziri Giɗaɗo da sauran manya suka zaɓi ƙanensa Atiku, 'ya'yan Bello suka yi mubaya'a, ba a zare takobi ba. Da Atiku ya rasu a 1842 sai sarauta ta komo ga Aliyu Babba, wanda ya mai da Wurno mazauninsa kamar ubansa. A zamaninsa ne aka sallami Yakubu Nabame ya koma gida, a 1849 kuma ya ta da tutar Kabi a Argungu, ƙasar da Sakkwato ba ta sake mallaka ba har Turawa suka ci birnin a 1903.

Zuriyar Bello ta ci gaba da riƙon sarauta, suna karɓa-karɓa da gidan Atiku. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, jikan Mu'azu ɗan Bello ne, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuma jikan Abubakar Atiku na Raba ne, shi ma ɗan Bello. Garuruwan da aka kafa ko aka raya don tsaron iyaka, irin su Wurno da Kware da Silame da Tambuwal, yau hedkwatocin ƙananan hukumomi ne a Jihar Sakkwato, ganuwarsu ta zube, fadamunsu kuma suna fitar da albasa da shinkafa. Hubbarensa yana nan a Wurno, masu ziyara sukan biya ta can bayan sun fito daga na Shehu a Sakkwato. Allah ya jiƙansa.